Giwar Bango Ta Fi Ta Tanti Girma

Yau za mu ɗan yi nisan zango, mu leƙa ƙauyukan Amurka na shekarun 1800, mu dubi wani irin rubutu da ba a sa shi a sahun adabi, alhali a zamaninsa ya tara idanun da littattafai da yawa ba su tara ba. Ina nufin fastocin tallar wasan sakos.

Wanda bai san sakos ba, ya ƙaddara gardawa masu wasa da kura da maciji da biri, ya haɗa su da masu alkafura da gwanayen sukuwa da masu tafiya a kan igiya da 'yan barkwanci, ya zuba su cikin tanti guda mai cin dubban mutane, suna bin gari-gari. Wani tsohon sojan doki, Philip Astley, shi ya fara shi a wannan tsari a Landan a 1768. John Bill Ricketts ya kai shi Filadelfiya a 1793, har shugaba George Washington ya je kallo. Da fari a gine-ginen katako ake yi a manyan birane, sai a 1825 wani mai suna Purdy Brown ya fara kafa tanti. Tantin nan shi ya buɗe musu hanyar ƙauye, shi kuma ya jawo musu matsalar da ta haifi fasta.

Ƙaramin gari ba ya iya cika tanti kwana biyu a jere, don haka yini ɗaya ake yi. A iso da asuba, a kafa, a yi wasan rana da na dare, a kwance, a kama hanya. In yau ba a cika ba, babu goben da za a rama, ga ma'aikata da dawakai da giwaye kowa na jiran abinci. Mai kallo kuwa manomi ne. A 1870 kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen Amurka a karkara suke, babu rediyo, babu silima, jaridar garin ta mako-mako ce kuma da wuya ka ga hoto a ciki. Wannan mutum ake so ya ajiye aikin gona, ya ɗaura wa doki keke, ya kwashi iyalinsa zuwa gari, ya biya santi 50 a kan kowane babba, kusan rabin ladan yinin lebura. Takarda ce kaɗai za ta ja ra'ayinsa, kuma dole ta riga wasan isowa da mako biyu ko uku.

Fastocin farko da katako aka buga su. Masassaƙi ya fere hoton doki ko zaki a jikin allo kamar mai yin hatimi, a shafa tawada, a danna a takarda. Aikin na da tsada, shi ya sa maɗaba'u kan ajiye hotuna na kowa-da-kowa, duk mai wasan da ya zo sai a ɗora sunansa a sama. Zakin da ka gani bara da sunan wane, bana shi ne da sunan wani, wataƙila ma cikin su biyun babu mai zaki irin wannan. Daga baya ɗab'in dutse ya karɓe kasuwar. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano shi a 1796, kuma sirrinsa abu ne da kowace mai girki ta sani: mai da ruwa ba sa haɗuwa. A zana hoto da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake ta ƙi inda ruwa yake. Kowane launi da dutsensa. Da wannan ne kamfanoni irin su Strobridge na birnin Sinsinati suka riƙa fitar da fastoci masu launi kamar ka taɓa. Falle ɗaya inci 28 ne a kan 42, a jera falle uku, ko takwas, ko 24, har a lulluɓe bangon sito guda.

Da Barnum da abokan harkarsa suka ɗora wasansu a kan jirgin ƙasa a 1872, talla ma ta hau jirgi. Manyan kamfanoni na da taragai na musamman da ke yin gaba, cike da takarda da tsani da buroshi mai doguwar ƙota da tukunyar dama gam na fulawa. Da an tsaya a tasha, masu liƙi su ɗauki hayar keken doki su bazu cikin karkara, duk sito, duk shinge, duk tagar kanti sai ta sha takarda. Ladan mai bango tikitin kyauta ne. In kamfanoni biyu suka yi karo a yanki ɗaya kuwa, sai wannan ya bi dare ya liƙe fastar wancan da tasa, wani lokaci har a ba hammata iska. Akwai ma takardu na musamman da ake bugawa don ɓata abokin hamayya, a ce wa mutane su riƙe kuɗinsu, na gaskiyar yana nan tafe. Duk wanda ya taɓa ganin bangon unguwa a lokacin zaɓe ya san wannan yaƙi.

Kafin in zo ga inda nake da ƙorafi, bari in ba mutanen nan haƙƙinsu, don sun san mai karatunsu sanin da ya kamata mu yi kishi. Sun san a kan keken doki yake, yana wucewa, wataƙila karatun ma bai zauna masa ba. Saboda haka fasta hawa-hawa ce. Daga nesa hoto ɗaya za ka gani, babba, yana motsi: doki a sama, ko zaki baki buɗe. Ka matso, ka ga sunan kamfani da manyan baƙaƙe. Ka ƙara matsowa, ka ga gari da rana, waɗanda ake bugawa daban a siririyar takarda a liƙa a ƙasa, domin fasta ɗaya ta yi aiki a garuruwa ɗari. Sai wanda ya sauko ya tsaya ne zai karanta ƙananan rubutun da aka cika da kalmomin zuzutawa. Ko ba ka karanta komai ba, ka tafi da abu uku: me za a nuna, wa zai nuna, yaushe. Mai zane Charles Livingston Bull ya yi wa kamfanin Ringling wata damisa a 1914, ta yo tsalle kai-tsaye kamar za ta faɗo wa mai kallo, babu tarkace a bayanta. Shekara da shekaru ana sake buga ta. Ku gwada ta da bangon wasu littattafanmu, inda ake cusa mota da bene da amarya da wayar hannu da hawaye duk a wuri guda.

Sun kuma san abin da mai karatun ke tsoro. Malaman coci da yawa na ganin sakos wasan banza ne, har jihohi irin su Vermont da Connecticut sun taɓa hana shi da doka. Kallon namun daji kuwa ana ɗaukarsa ilimi, kallon ikon Mahalicci. Sai masu wasa suka haɗa biyun, suka riƙa cika fasta da maganar tarbiyya da ilimantarwa. Dorina ta samu kirari mafi daɗi: aka ce ita ce Behemot da aka ambata a littafin Ayuba na Baibul, dabba mai gumin jini. Gaskiyar ita ce fatar dorina na fitar da wani ruwa ja-ja da ke kare ta daga rana, ba jini ba ne, ba ma gumi ba ne. Amma da jimla ɗaya an ba mai tsoron Allah hujjar zuwa, an ba yaro abin mafarki. Wanda ya rubuta wannan, marubuci ne, ko mun so ko mun ƙi.

Nan ne na ga zuzutawar ta rabu gida biyu, kuma a ganina bambancin shi ne abin da ya fi cancantar zamanmu na yau.

Gida na farko shi ne na Jumbo. Giwa ce ta Afirka, an kama ta tana ƙarama a yankin Sudan, ta bi ta Faris ta isa gidan namun dajin Landan a 1865. Barnum ya saye ta a 1882 a kan dala dubu goma, Turawan Ingila suka yi ta kururuwar an sayar da abin ƙaunar 'ya'yansu, kururuwar kuma ta zame masa talla ta kyauta. Tsayin Jumbo a kafaɗa ya ɗan haura mita uku. Barnum ya ce ya kai huɗu. Masu zane kuwa ba su tsaya a huɗun ba, akwai hoton da aka nuna keken doki da mutanensa yana ratsawa ta ƙarƙashin cikinta. A 1884 aka yi wata ta fi wannan ban dariya. Barnum ya kawo giwa daga ƙasar Bama yana tallarta a matsayin farar giwa mai tsarki, da ta iso sai ga ta toka-toka da 'yan dabbare-dabbare masu haske. Abokin hamayyarsa Adam Forepaugh ya samu giwa ta yau-da-kullum ya sa aka shafe ta da farin fenti, ya ce tasa ce ta ainihi. Ta jabun ta fi ta gaskiyar fari.

Ƙarya ce? Ƙarya ce. Sai dai irin wadda mai kallo ke iya kamawa da idonsa. Manomi ya shiga tanti, ya ga Jumbo ba ta kai ta bango ba, ya yi dariya, amma duk da haka ya ga giwar da bai taɓa ganin kamarta ba, kuɗinsa bai faɗi ba. Barnum da kansa ya yi wannan hujja a rubuce-rubucensa, cewa zuzutawa ba cuta ba ce muddin mai saye ya samu abin da ya kai kuɗinsa. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a nan. In maroƙi ya kira ɗan dambe guguwa ko dutse, babu mai zuwa ya taɓa jikinsa ya ji ko dutsen ne. Kirari yarjejeniya ce tsakanin mai faɗa da mai ji, kowa ya san ma'aunin. Giwa kuma ba ta rasa komai ba don an ƙara mata ƙafa biyu a takarda.

Gida na biyu ya faro tun ranar da Barnum ya shiga harkar nuni. A 1835, kafin ya san tanti, ya samu wata tsohuwar baiwa baƙar fata, makauniya, jikinta ya shanye, mai suna Joice Heth. Takardun tallarsa suka ce shekarunta 161, kuma ita ta yi renon George Washington. Ya yawata da ita gari-gari har ta rasu a farkon 1836. Bai bar gawar ba, ya shirya a feɗe ta a gaban jama'a, kowa ya biya santi 50, likitan da ya yi aikin ya ce ba ta wuce shekara 80 ba. A 1860 kuma ya fito da wani baƙar fata, William Henry Johnson, haifaffen New Jersey, aka aske masa kai aka bar ɗan tukku, aka sa masa rigar gashi, aka tallata shi a matsayin wata halitta da aka kamo a dajin Afirka, tsakanin mutum da biri. Sunan da aka ba shi tambaya ce: mene ne wannan? A shekarun 1880 abin ya girma ya zama baje-kolin ƙabilu, aka jera mutanen Afirka da Asiya da Ostireliya, fasta na kiransu mutanen daji, a tanti ɗaya da namun dajin.

Ga inda bambancin yake. Mai kallo na iya auna giwa da ido, amma ba shi da abin da zai auna labarin mutum. Ya karanta a bango cewa za a nuna masa ɗan daji. Ya shiga, ya tarar da mutum sanye da kayan da kamfani ya ɗinka, yana amsa sunan da kamfani ya raɗa, yana motsin da kamfani ya koya masa, ko yana magana da harshen da babu mai ji. Idon da ya ƙaryata fasta a kan Jumbo, shi ne yanzu ya gaskata ta. Ya koma gida da yaƙinin ya ga Afirka da idonsa, alhali abin da ya gani jimlar wani mai talla ce aka sa mata riga. Kuma a ƙauyen da babu wani hoton Afirka da zai zo ya yi gardama da wannan, na farko shi ke zama.

Na san abin da wasu za su ce, don irin wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a tsakaninmu. Za a ce ai an biya su, Johnson ya shafe sama da shekara 60 a sana'ar kafin ya rasu a 1926, kuma wanda ya amince da ciniki ba a zalunce shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musun cewa wasunsu sun samu abin rufin asiri a zamanin da ƙofofin baƙar fata ƙalilan ne. Amma ko da Johnson ya yarda, ya yarda ne a kan kansa. Fastar ba a kansa kaɗai ta yi magana ba, ta yi magana a kan nahiya guda, kuma babu wanda ya nemi izinin sauran. Joice Heth kuwa baiwa ce, maganar amincewa ma ba ta taso ba. Za a kuma ce zamaninsu ne, kowa haka yake tunani. To wa ya koya wa kowan? Cikin malaman har da waɗannan takardu da aka liƙa a kowane sito.

Abin da ya sa na kawo mana wannan, mu ma masu fasta ne. Duk mai sakin littafi a Facebook ko WhatsApp sai ya rubuta talla: labarin da ba a taɓa yin irinsa ba, labarin da zai hana ki barci, ki tanadi hankici. Wannan cikin Jumbo ne da keken doki a ƙarƙashinsa, kuma ban ɗauke shi babban laifi ba, mai karatu zai auna da kansa kafin ya gama shafi na biyar. Illa dai mu tuna Barnum jirgi yake hawa da tsakar dare, sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, mu kuwa mako mai zuwa muna nan a zaure ɗaya da wadda ta biya kuɗinta. Wanda ya fi damuna shi ne gida na biyu, domin shi ba ya kama da ƙarya a idonmu. Ɗan ƙauyen da kullum bagidaje ne, 'yar aikin da kullum ɓarauniya ce ko mai kwacen miji, mutumin wata ƙabila da ba ya shigowa labari sai don a yi dariyar Hausarsa, mai larurar ƙwaƙwalwar da aka ajiye don nishaɗi. Mu muka ɗinka musu rigar, mu muka raɗa sunan, mu muka sa musu magana a baki, mai karatun da bai taɓa zama da irinsu ba kuma zai rufe littafi da yaƙinin ya san su. Ban ce kada a rubuta mugun hali ba, akwai ɓarayi a cikin 'yan aiki kamar yadda suke a cikin iyayen gida. Tambayar da nake so mu riƙa yi ita ce, wannan da na zuzuta, mai karatu na da hanyar auna shi, ko maganata ce kaɗai zai taɓa ji a kansa?

Masu cewa talla ce kawai, iska ce mai wucewa, su dubi abin da ya faru a Durand, wani ƙaramin gari a jihar Wiskonsin. A 2015 ana fasa bango don faɗaɗa wani wurin cin abinci, sai aka ci karo da fastar sakos mai tsawon ƙafa 55 da tsayin ƙafa tara, tana tallar wasan da aka yi a watan Agustan 1885. An yi gini a jikin bangon, takardar ta kwana a ɓoye shekara 130. A Colchester ta jihar Vermont ma an samu irinta a 1991, fastocin Forepaugh na 1883 a ƙarƙashin katakon wani gida, yanzu suna gidan tarihi na Shelburne. Wasan yini ɗaya ne. Takardar, ko ba a yi gini a kanta ba, takan zauna a bango watanni, yara na wucewa ta gabanta safe da yamma har ruwa da rana su cinye ta.

Kalmomin ma sun fi takardar daɗewa. Jirgin ƙasa ya kashe Jumbo a garin St. Thomas na Kanada a watan Satumban 1885, shekara uku kacal bayan zuwanta Amurka, amma har yau in ana son a ce abu ƙato ne a Turanci sunanta ake kira, har a kantunanmu za ka ji ana neman "jumbo". Wannan gadon gida na farko ke nan, ba ya cutar da kowa.

Na gida na biyu ya taɓa maƙwabtanmu. A 1930 kamfanin Ringling da Barnum da Bailey, wanda ya zama guda tun 1919, ya kawo wasu mata masu sa faifan katako a leɓe. 'Yan ƙabilar Sara ne daga kudancin Chadi ta yau, lokacin tana hannun Faransa. Jami'in tallar kamfanin, Roland Butler, ya ga sunansu na ainihi ba zai ja kasuwa ba, sai ya buɗe taswira ya tsinci sunan wani kogi da ya yi masa daɗin faɗa, Ubangi. Fastar ta kira su mutanen daji daga can ƙuryar duhun Afirka, ta kwatanta leɓunansu da bakin kada. Kamfanin ya kwance tantinsa na ƙarshe a 1956, amma kalmar Ubangi ta riga ta shiga ƙamus ɗin Turancin Amurka, da ma'anar mace 'yar yankin Kyabe na Chadi mai faifai a leɓe.